An Sallaci Kaka Inuwa Ba Gawa

Riyad, 9 ga Maris, 2016

Zuwa ga Yaya Safiyatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Malam Bashari da yara. Allah ya ƙara wa Gogo Biba sauƙin ƙafar nan. Mu nan lafiya lau, 'yarmu Hajar ta shiga makaranta, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, har gyara mini take yi.

Yaya, labarin ba daɗi. Kin san aikina a ofishinmu na unguwar Ulaya, duba hotunan ƙasan teku, ni da ke zaune a garin da ko kududdufi babu. Ƙa'ida ce kafin a shimfiɗa bututun gas a ruwa, sai mun tabbatar babu tsohon jirgi a wajen. Bana aikin ya faɗo a hanyar da alhazai ke bi daga Sawakin zuwa Jidda, inda jirgi ya nutse da Kaka Inuwa. Tun da Gogo ta ji, maganarta ɗaya ce, ko ƙashi guda ne a samo na mahaifinta a yi masa sutura kafin ta cika. Na san samunsa sai ikon Allah, amma da babu gara ba daɗi. To, masu kwangilar sun soke ƙa'idar, wai binciken na jawo jinkiri. Na roƙi mudir ɗinmu, shugaban ofis, ya ce halas, wato magana ta ƙare, ba daga shi ba ne, injin haƙa zai shiga ba wanda ya duba. An rufe sashenmu, iƙamata ma, takardar izinin zama, ba na jin za a sabunta ta, amma wallahi ba ita ta hana ni cin abinci ba.

Na kai kukana wajen limaminmu na unguwar Aziziya, ya ce a yi wa Kaka sallar gaibi, wadda ake yi wa mamaci ba gawa a gaba. Muka yi sahu, ni da wasu direbobi 'yan gida, muka yi masa kabbara huɗu, na yi kuka sosai. Amma kin san Gogo, a wurinta da malamanta ba a sallatar wanda ba a gani ba. Na kasa kiranta, ke za ki gaya mata. In ta tambaya ko an gan shi, kada ki yi mata ƙarya, ki ce ba a gan shi ba, kuma ba za a nema ba.

Sumayya na gaishe ku. Ki gaida Malam Bashari da Uwais da Bilƙisu. Gogo kuwa, ki bari sai ta ci abinci tukuna, ki zauna kusa da ita.

Ƙanenki,
Zulkifilu