Yaya Lawali, Mai Sunayen Aro

Zuwa ga Yaya Lawali,

Assalamu alaikum. Allah ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma, miƙo mani za ka yi in karanta maka kana ɗaura igiyar takalmi. Amma akwai maganar da kai kaɗai zan iya faɗa wa.

Na gama jami'a. An tura ni hidimar ƙasa can kudu, garin da sai da na duba taswira kafin in yarda akwai shi. Inna ta ce ba zan je ba, rashin ɗa guda ya ishe ta. Ni kuma ka san hali. Tun kafin ta hana ni, tsoro ya riga ta.

Anka, garinmu, tana nan yadda ka bar ta, sai dai bana ba a yi gasar ƙwallon ƙafa ta bayan girbi ba, saboda hanya ba lafiya. Ciyawa ta cinye bakin raga.

Ka tuna Baturenka? Kowa a gidan kallo yana da gwani a manyan ƙungiyoyin Ingila, kai kuwa ka liƙe wa wani ɗan baya da muka gani ranar da ƙaramar ƙungiyarsa ta haɗu da babba a wasan kofi, aka lallasa su. Har aka tashi bai daina ihu yana shirya 'yan bayansa ba. Kakan bugi ƙirji ka ce ya taɓa buga wa ƙasarsu. Yaya, na bincika a makaranta. Bai taɓa ba. A ƙananan rukunai ya yi ta yawo, nan aro, can kwantiragin shekara guda, har gwiwa ta zaunar da shi. Ban ga inda ya ɗaga kofi ba. Ban ce babu ba, ban dai gani ba. Na yi shiru don kada ranka ya ɓaci. Yanzu ina zaton ka sani. Ko ba don haka ka zaɓe shi ba?

Ai kai ma haka ka yi. Dokar gasa ta ce ɗan gari kaɗai ke buga wa garinsu. Sai a zo da babur a ɗauke ka, a ba ka sunan wani saurayi da ya tafi cirani ko haƙar zinariya, a sauke ka a gidansu, don ko abokan hamayya sun zo bincike su same ka kana cin tuwon uwarsa. A Gummi kai ne Dahiru. A Abare, Sanusi. A Zugu, Mudi. Ni da ba na son a kuskure ko harafi a sunana, abin yana damuna. Nakan ce a raina, mutum ya yi ta zubar da gumi, masu kallo suna kiran sunan wani, mene ne ribarsa?

Sai da ka rasu na samu amsa. Ana zaman makoki wasu mutanen Zugu suka shigo unguwa a kan babura suna neman gidan su Mudi. Aka ce ba wani Mudi da ya mutu a nan. Har sun juya, sai mai shayin bakin titi ya tambaye su ko mai tabo a haɓa suke nufi, wanda ba a wuce shi ta hagu. Suka ce shi ne, ya nuna masu gidanmu. Haka aka yi ta zuwa, kowa da sunan da ya san ka da shi. Inna tana ɗaki tana karɓar gaisuwar mutuwar 'ya'yan da ba ta haifa ba.

Mutanen Zugu sun zo da ƙaramar ƙwarya ta man shanu. Uwar Mudi na gaskiya ce ta aiko. Ta ce a gaya wa Inna ita ma ta yi rashin ɗa, don nata Mudin bai taɓa ɗebo mata ruwa ba tare da an roƙe shi ba, kai kuwa kullum kafin ka tafi fili sai ka cika mata randa. Me ya sa ba ka taɓa ba mu wannan labarin ba?

Jiya na zauna kusa da Inna. Na tuna mata cewa shekara da shekaru tana tsoron hanya za ta cinye ka, kuma duk tafiya hanya ta maido ka. A ɗakinta zazzaɓi ya same ka, a kan tabarmarta. Na tuna mata da ƙwaryar man shanu. Ta miƙe ta bar ni zaune, har na yi nadamar buɗe baki.

Yau da safe na ji ƙarar turmi. Yaji take dakawa, irin wanda take ƙulla maka a leda duk za ka tafi wasa. Ba ta dube ni ba. Ta ce in je, amma da sunana zan tafi, da shi kuma zan dawo.

Har yanzu ina jin tsoro, Yaya. Ban iya yarensu ba, ban san kowa ba. Abu ɗaya na sani: gidan da aka sauke ni, zan fara tambayar inda randa take.

Allah ya jiƙanka, ya sada mu a inda ba a sake tafiya.

Ƙaninka mai suna ɗaya,
Bashiru