Gafakar Mahaifina a Zauren Wani

Malam Mai Shawara,

Don Allah ka taimake ni, raina ya ɓaci har na rasa wanda zan faɗa wa. Ni malamin elementare ne a Riruwai, ina koyar da 'ya'yan masu haƙar kuza. Na sake sunayen mutanen saboda gudun tonon asiri.

Laburaren birni kan aiko da akwatin littattafai ga malaman ƙauye. Mai kawowa, Lurwanu, yakan fara da Bebeji, ya bi ta Kiru da Tudun Wada, sannan ya ratsa dajin Falgore ya iso mana. Mu ne ƙarshen hanya. Kowa ya buɗe ya zaɓi son ransa, abin da ke iso ni sai littafin kiwon kaji da wanda gara ta ɗanɗana. Ban taɓa ƙorafi ba.

Tun zuwansa na farko a gidana Lurwanu yake sauka. Maiɗakina Hajara ko ba ta da lafiya sai ta tuƙa masa tuwo, har ta san ba ya son kuka da yawa a miya. Da zazzaɓi ya kama shi bara, a ɗakina ya yi jinya, ni na koma zaure. Yaya yake ce mini, ni kuma na ɗauka har zuci ne.

To, bana zan zauna jarrabawar shiga kwas ɗin manyan malamai, kuma shekaruna sun kai gargara, in na faɗi shi ke nan. Lissafi ne ciwona. Akwai wani babban littafin lissafi, guda ɗaya tak a laburaren. Na roƙi Lurwanu ya karɓo da sunana, kada ya sa shi a akwati inda kowa zai gani. Saboda damina, na ɗauko gafakar marigayi mahaifina, wadda ya ajiye littattafansa na addini a ciki har ya bar duniya, na ba shi ya sa littafin a ciki ya rataya a ƙarƙashin riga. Hajara ta ce abin bai kwanta mata ba, na ce ta yi shiru, Lurwanu ɗan gida ne.

Ya zo ya ce littafin yana hannun wani. Ya dawo ya ce ana gyaran bangonsa, gafakar kuma tana can birni a ajiye tana jira. Duk wannan da tuwona a bakinsa yake faɗa, ni ma har ina ba shi haƙuri kan wahalar da na sa shi!

Ran kasuwar Tudun Wada na je sayen takalmi, na biya in gai da hedimastan garin, Malam Ubale, wanda shi ma zai zauna jarrabawar nan. Ina shiga zaure na ga gafaka rataye a ƙusa. Na san ta, akwai ɗinkin jan zare da mahaifiyata ta yi a maratayin. Littafin kuwa ga shi a buɗe kan tabarma. Muka gaisa, na sha ruwa, na fito ban ce komai ba, ko takalmin ban saya ba. A kasuwa na ji cewa Lurwanu neman auren Luba yake, ƙanwar hedimastan.

Malam, an ci amanata. Ina ji kamar in kai ƙararsa wurin shugaban laburare, na kuma san in na yi haka aikinsa ya tafi, ga tsohuwar mahaifiyarsa yana riƙo. Wata mai kamawa zai zo. In buɗe masa ƙofa ko in rufe?

Naka,
Na Ƙarshen Hanya

*

Malam Na Ƙarshen Hanya,

Allah ya huci zuciyarka. An cuce ka, ba zan ce maka ba a yi ba. Ƙarya ga mai masauki abin kunya ne, ba da kayan gadon wani kuwa ya fi ƙaryar muni.

Amma duba ta wajen Lurwanu. Mai neman aure, yayan yarinya ya hango littafi a jikinsa ya miƙo hannu, da wane baki zai hana? Ina zaton ya ce a ransa zuwa na gaba zai karɓo, zuwa na gaba kunya ta ƙaru, ƙarya ta haifi wata. Rauni ne, ban ga alamar ƙiyayya ba. Shi ma Malam Ubale mai yiwuwa bai san da sunanka aka karɓo littafin ba.

Kai ma shirun da ka yi a zauren nan bai amfane ka ba. Jarrabawa ba za ta jira fushinka ya sauka ba. Ran kasuwa mai zuwa koma wurin hedimastan, ka faɗa masa gaskiya cikin ladabi, ku raba kwanakin littafin, ko ka kwafi babukan da ke ba ka wuya. Sannan ka nemi shugaban laburare ya riƙa juya hanyar akwatin, wani zuwan a fara ta Riruwai. Wannan roƙo ba ya bukatar ka ambaci sunan kowa. Ƙara kam ban ba ka shawara ba, don tsohuwarsa ce za ta sha hukuncin.

Gafakar kuwa kada ka karɓo ta da kanka. In Lurwanu ya zo, buɗe masa ƙofa, Hajara ta tuƙa tuwonta. Bayan ya wanke hannu, ka gaya masa abin da ka gani, ka ce ya je gaban surukin nasa ya ciro ta daga ƙusa ya kawo maka da hannunsa. In ya iya wannan, ɗakinsa yana nan. In ya dawo da wani sabon labari, ka nuna masa gidan sarkin kasuwa, can ma ana saukar baƙi.

Allah ya ba ka sa'ar jarrabawa, ya jiƙan mai gafaka.

Mai Shawara