Mai Tari a Bayan Bango

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Na san za ki ce wane irin ƙauyanci ne wasiƙa a zamanin waya. To, ina ɗaga waya yanzu sai Mama ta tuna tana da aiki a ɗakina, shi ya sa na ba direban motar kasuwa ya kawo miki.

Yaya, tsoron kaina nake ji. Kin san ɗakin ajiya da ke jikin ɗakin ɗinkina, wanda Mama ta kulle tun rasuwar Baba. Da rana tsaka ina kan keke sai in ji tari ta bangon, tarin namiji, irin na Baba sak. Ina ɗauke ƙafa sai tsit. Shekaranjiya na dawo daga sayen zare na tarar da sawun ƙafa jiƙaƙƙe a bakin banɗaki, ya fi nawa, ya fi na Mama. Kafin in kira ta in dawo ya bushe. Ta dube ni ta ce, "Auta, yaushe rabonki da barci mai kyau?"

Ashe har ta gaya wa maƙwabta wai ba ni da lafiya, ina jin muryoyi. Matar mai chemist ta aiko an karɓe yadinta ban ko yanka ba. Masu gaishe ni a layi lallaɓa ni suke kamar ƙwai. Ko dai gaskiya ne, Yaya? Ko haka abin yake farawa?

Kada ki gaya wa Yaya Dogo, ya ji da aikinsa a ƙasar mutane. Ki gaishe min da yara.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ki.

Na yi magana da Mama, kuka take yi. Ta ce har kunne kike mannawa a bango. Ke fa tun kina ƙarama kike ganin mutum a jikin rigar da aka rataye, amma wannan ya wuce wasa. Ki rage aiki, ki ci abinci. Ƙarshen mako zan zo in kai ki wajen likitan ƙwaƙwalwa, idan ya ce a kwantar da ke, a kwantar. Ba na son gardama. Mama ba za ta yi miki ƙarya ba.

Allah Ya ba ki lafiya.

Yayarki

*

Auta, ƙanwata,

Salam. Ki yaga waccan takardar, ki karanta wannan inda Mama ba ta gani.

Ɗazu Dogo ya turo min saƙon murya kamar yadda ya saba, wai sanyi ya yi yawa a can, wai aiki ya hana shi kira. Ina wanke-wanke na sa a kunne. A bayan maganarsa sai na ji ƙarar keken ɗinki. Na ce to, can ma ai suna sa kaya. Amma keken nan yana ƙas-ƙas ɗin nan na bel ɗin da kika ɗaure da waya, wanda na yi ta miki tsiya ki canza kika ƙi. Na mayar baya na ƙara sauti. Can ƙasa-ƙasa sai ga wata tana yi wa akuyar maƙwabta tsawa: "Fita, mayya!" Duk duniya mutum ɗaya na sani mai kiran akuya mayya, Mama ce.

Auta, Dogo ba ya wata ƙasar waje. Yana bayan bangonki. Hankalinki ƙalau yake, nawa ne ya tafi kiwo da na ƙi yarda da ke. Wallahi kwano ya faɗi daga hannuna, na zauna a ƙasa ina hamdala ina kuka, yara suna kallona.

Ban san abin da ya sa yake ɓoye ba, don haka ki bi a hankali. Kada ki yi wa Mama ihu. Ki yafe min.

Yayarki mai jin kunya

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Na yafe miki, amma za ki saya min sabon bel, tunda tsohon ya gama aikinsa.

Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Kin san abin da na fara yi? Dariya. Na yi ta dariya ni kaɗai har na ce to, yanzu kam duk wanda ya leƙo zai gaskata Mama. Wani nauyi ya sauka daga ƙirjina wanda ban san girmansa ba sai da ya tafi.

A hankalin da kika ce in bi, ban iya ba. Bayan azahar na je ƙofar ɗakin ajiya na ƙwanƙwasa. Mama ta taso daga kicin da ludayi a hannu. "Me kike nema a nan? Ciwon ne ya tashi?" Ban kula ta ba. Na ce, "Yaya Dogo, ni ce Auta. Na san kana ciki. Ba ihu zan yi ba, gaisuwa na zo." Sai na ji an ja sakata daga ciki.

Yaya, ki shirya zuciyarki. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, rigar Baba ce a jikinsa tana lilo. Ya gyara wajen tsaf, katifa a tsakanin akwatuna, fanka ƙarama da ya haɗa da kansa. Kamfanin da ya ɗauke shi ya rushe, takardunsa suka ƙare, aka kama shi aka tsare wata da watanni, sannan aka sako shi a jirgi da leda ɗaya. Ranar da ya iso ina kasuwa. Ya ce tun daga tsarewar nan, in ya ji taron mutane numfashinsa ɗaukewa yake, ga kunyar unguwar da ta raka shi tasha da addu'a. Ya sa Mama ta rantse ba mai ji. Wanka ma sai na fita yake yi.

Abin da bai sani ba shi ne yadda Mama ta rufe min baki. Da na gaya masa, ya juya ya ce, "Mama, haka muka yi da ke? Ki haukata Auta don ni?" Ta zauna a kan akwati ta dube ni ta ce, "Ya ce in wani ya sani zai fita ba zai dawo ba. Na duba ku biyu, na ga ke ce mai ƙarfin." Na ce, "Mama, ai ƙarfin nawa saura ƙiris ya ƙare."

Ina jin haushinta, ba zan ɓoye miki ba. Amma ɗan'uwana yana raye, Baba yana kwance lafiya a kabarinsa, ni kuma kaina ɗaya. Ki zo ƙarshen makon yadda kika shirya. Likitan ma kada ki soke, Yaya Dogo ya yarda zai je in mu biyu za mu sa shi a tsakiya.

A gaida maigidan.

Auta

*

Yaya,

Salam. Direba na jira, a gurguje.

Mama ba ta ba ni haƙuri ba, kin san ta. Amma da safen nan ta yafa mayafi ta ce in raka ta. Gidan mai chemist muka fara shiga, tsakar gida cike da mata. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Abin da na gaya muku a kan yarinyar nan ƙarya na yi. Lafiyarta ƙalau. Ɗana ne ya dawo ba lafiya, na ɓoye shi." Ta riƙe hannuna gam.

Haka muka bi layin gida-gida, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Sai kin zo.

Auta