Kek ɗin Gwaiba na Tsohon Magini

Baba,

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin jiki?

Likitanka ya kira ni. Ya ce sukarinka ya hau, wai tun rasuwar Mama ba ka cin komai sai soye-soyen bakin titi da lemon kwalba. Hankalina ya tashi, Baba. Idan gwajin da za a sake nan da wata uku bai yi kyau ba, zan zo in ɗauke ka. Na riga na gyara maka ɗaki.

Na san son zaƙi ne ke fitar da kai. Ga takardar yadda ake gasa kek mai gwaiba a tsakiya, babu sukari. Bishiyar tsakar gida tana ta zubarwa a banza.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ki gaida maigidanki da yara.

Kowane bulo na gidan nan ni na ɗora shi da hannuna. Ba inda za ni.

Na gwada kek ɗinki a abin gashin mahaifiyarki. Na shimfiɗa kwaɓin garin alkama da gyaɗa, na zuba dafaffiyar gwaiba, na rufe da sauran kwaɓin. Ƙamshi kam ba a magana. Amma ina sa wuƙa ya rushe, ya koma taɓo. Sau uku ke nan, kaji ne kawai ke sa mini albarka. Na dai daina zuwa bakin titi. Wake da ganye nake dafawa, ina ci ina ɓata rai.

Allah Ya yi miki albarka.
Babanki

*

Auta,

Bayan gaisuwa, na ji ki shiru, to ga labari.

Ashe laifin takardarki ne. Shekara arba'in ina gini, ban taɓa ɗora bango a kan ɗanyen harsashi ba. Sai na fara gasa kwaɓin ƙasa shi kaɗai har ya yi ƙarfi. Gwaibar kuma na dafa ta har ruwan ya tsotse. Da ya gasu na kama bakina, na bar shi ya huce sarai, kamar yadda ake barin siminti ya sha iska. Na yanka guda goma sha biyu, ko ɗaya bai karkace ba. Rabon da in yi murna irin wannan har na manta.

Ɗaya nake ci a rana, sauran na maƙwabta. Yanzu mai shagon kusa ma kawo mini ayabar da ta nuna da yawa yake yi, don in sa a kek, maimakon ya zubar.

Jiya aka yi gwajin. Likita ya duba takardar sau biyu, ya ce, "Baba, wa ke dafa maka abinci?" Na ce masa wani tsohon magini ne. Ga takardar nan, ki karanta da kanki.

Wassalam.
Babanki

*

Baba,

Barka da arziki. Na karanta har na yi hawaye.

Kunya ce ta hana ni amsa wasiƙarka, don ni kaina ban taɓa yin kek ɗin nan ya tsaya ba. Ka zauna a gidanka. Ranar Asabar muna tafe da yara, ka koya mini.

Sai mun zo.
Auta