Itacen da Yacouba Ya Yi wa Ta'aziyya

Port Richmond, Fabrairu

Kawu Boubacar,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka iske mutanen Maradi lafiya. Gida yana nan yadda ka bar mini shi. Sai dai itacen bayan gida ya mutu, ko ganye ɗaya babu. Na ari zarto wurin Kwabena maƙwabcinmu, zan kawar da shi kafin ya faɗa kan rufi. Ba sai ka gode ba.

Ɗanka, Yacouba

*

Maradi

Yacouba,

Bayan gaisuwa, don addini ya ce a gaisa.

Ajiye zarton nan. Watanka nawa a Amurka da har ka fara yi wa itatuwanta ta'aziyya? Gawo yakan tuɓe da damina, ka taɓa ganin mai hankali ya sa masa gatari? Wannan mapul ne, barci yake yi. Sanyi na sakinmu zai fito da jajayen ƙwayoyi, daga baya 'ya'yansa masu fiffike su riƙa sauka suna juyi, yara na tsalle. Lokacin zafi a ƙarƙashinsa nake shan shayi. Kafin ƙanƙara kuwa sai ya yi ja kamar tafin amarya.

Abin da ba ka sani ba, a gindinsa matata marigayiya Safiatou ta binne cibiyar jikarmu Hamdatu, da cokalin miya, saboda ba mu da fartanya. Ta ce tunda ba za a kai ta gida ba, to nan ya zama gida. Ka taɓa shi, ka taɓa ni.

Kawunka, da sauran haƙuri kaɗan

*

Port Richmond, Maris

Kawu,

Ina gaisuwa da rusunawa. Takardarka ta iske na riga na sauke babban reshen, na gefen yamma. Ruwa yana ta ɗiga daga wurin, na lasa na ji ɗan zaƙi. Sai na dakata. Hamdatu ta zo ta gani, ta yi mini faɗa da Turanci, ban ji ba amma na gane. Kwabena ya ce shi ya ɗauka gyaran fuska zan yi masa. Na mayar da zarton. Ka yafe ni.

Yacouba

*

Maradi

Yacouba,

Lafiya lau muke, ban da ni.

Gawa tana zubar da hawaye ne? A reshen nan Safiatou take ɗaura igiyar shanya. Maganar yafiya ba a hannuna take ba. Idan ya toho, mu yi magana. Idan bai toho ba, nemi ɗaki a unguwar Soundview, kada in sauka in gan ka.

Kawunka

*

Yuni, ta ƙarƙashin ƙofarka

Yacouba,

Salamu alaikum. Na sauka, na gani. Ya toho. Inuwa dai saura rabi. Fito da kujeru biyu da butar shayi bayan azahar. Tawa a inuwa, taka a rana, inda reshen yake a da.

Kawunka