Mai kawo yashi cikin tafkin roba

Baban Rahma,

Na wuce Dapaong da motar safe, ban so in tashe ka ba. Kada ka kai injin tace ruwan tafkin wankan yaran nan gyara, lafiyarsa ƙalau. Yaran ma mun yi musu faɗa a banza, ba su ke shigar da yashi cikin tafkin roba ba.

Innarka ce. Bayan sallar asuba na leƙa ta taga, sai ga ta tana ratsa tsakar gida babu takalmi, babu sanda, ita da ba ta taka ƙasa ba tun dawowarta daga asibiti. Ta tsunduma ƙafafunta cikin ruwan, tana ta dariya ita kaɗai.

Kada ka nuna mata mun sani. Yashin kuwa, Allah ya ƙaro mana shi.

Hadiyya