Babur Ɗin Auta Ya Mutu a Yashi

Mama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Ni lafiya lau, sai zafin rana.

Shekaranjiya babur ɗin aiki ya mutu mini a tsakiyar yashi, ina ɗauke da akwatin allurar rigakafin yara. Injin ya yi zafi har yana ƙauri. Na juye masa ruwan shana, ya ƙi tashi. Kafin in tura shi zuwa ƙauyen da za ni, ƙanƙarar akwatin ta narke, alluran sun lalace. Mata sun yini da goyo suna jirana, na kasa haɗa ido da su.

Kada ki gaya wa Baba. Tun da na karɓi aikin nan bai ce mini uffan ba.

Taki,
Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki. Uwarki ta ce tabaraunta ya ɓace, ni na karanta mata takardarki. Daga baya na gan shi ƙarƙashin matashinta.

Ki ji maganar bakanike. Ba a zuba wa inji mai zafi ruwa, ƙarfe tsagewa yake. Ki kashe shi a inuwa, ki jira. Kullum ki duba baƙin mai kafin ki fita. Tsage-tsagen nan na jikin injin, ta nan yake shan iska, ki ƙwaƙule lakar da ta toshe su. Idan taya ta nutse a yashi, daina murza wuta, sauka ki tura. Ki fita da sassafe. Ruwan kuwa, ke za ki sha.

Ba aikin na ƙi ba. Na sha ganin an kawo mini babur a bayan mota, mai shi bai biyo shi ba.

Allah ya tsare.
Babanki

*

Baba,

Barka da aiki. Na karanta takardarka sau uku. Lakar da na ciro ta cika tafin hannuna. Jiya na koma ƙauyen, na tsaya sau biyu a inuwa, na isa da ƙanƙarata. Duk yaran sun samu. Sai dai injin yana wata 'yar ƙara, kamar ana kaɗa cokali.

A gafarce ni, Baba.

'Yarka

*

Auta,

Gaisuwa. Babanki ya rufe gareji, ya zuba sifanu da sauran kayan aikinsa a jaka, wai zai je sayen kayan gyara. Motar wajenku na ga ya shiga. Ki share ɗaki, kuma ki yi kamar kin yi mamaki.

Mamanki